Ruwan da ya zube a tsakar gidana, ina ruwan muhalli da shi?

Wani magidanci daga Kano ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Kullum ana ce mana mu riƙa tattalin ruwan famfo saboda muhalli. Ni kuwa a makaranta an koya mana cewa ruwa ba ya ƙarewa. Wanda ya zube ƙasa ta shanye, rana ta ɗauke, ya dawo ruwan sama. Ina biyan kuɗin ruwana, na kuma haƙa burtsatse da guminna. To wa na cuta idan tankina ya cika ya tumbatsa?"

Malam, ba zan ƙaryata malaminka ba. Abin da ya koya maka haka yake, ruwan duniya zagaye yake yi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Sai dai akwai inda darasin ya tsaya bai ƙarasa ba. Ruwan da rana ta ɗauke daga tsakar gidanka a watan Maris ba a tsakar gidanka zai sauko ba, kuma ba a watan Maris ba. Mu nan Kano daminarmu ta ƙwarai wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin da ajiya muke rayuwa. Gero ma ai ba ya ƙarewa a duniya, kowace shekara ana nomawa, amma rumbun mutum yana ƙarewa tun bazara idan bai iya ɗiba ba. Maganar ruwa maganar rumbu ce. Rumbunanmu biyu ne: na sarari, wato madatsun ruwa, da na ƙarƙashin ƙasa. Tunda kana da famfon gwamnati kana kuma da burtsatse, cikin duka biyun hannunka yake.

Na yi shekaru ina aikin injiniyan ruwa, kuma abin da na lura da shi shi ne mutane da yawa sun ɗauka ruwa daga bakin famfo yake farawa. Bari mu bi bututun da baya. Ruwan famfon Kano daga kogi biyu ake jawo mafi yawansa, Kogin Kano da Kogin Challawa. Matatar farko an gina ta a Challawa, wajen Panshekara, a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya aka ƙara wasu, har da ta Tamburawa da ke kan hanyar Zariya. Su kuwa waɗannan koguna, da an bar su yadda Allah ya yi su, da rani yashi kawai za ka tarar. Abin da ya sa kake ganin ruwa a cikinsu a watan Afrilu shi ne madatsar Tiga da aka kammala a 1974 lokacin Audu Bako, da madatsar Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Su ne ke tare ruwan damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan.

To wannan ruwa da aka tare, kafin a tare shi yana da masu shi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan sunansa Kogin Haɗejiya. Ya ratsa Jigawa, ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, inda manoman tattasai ke jiransa, kafin abin da ya rage ya faɗa Tafkin Chadi. Kafin zuwan madatsun, a shekara mai kyau ruwa kan shafe fiye da murabba'in kilomita 2000 na waɗannan fadamu. Idan ya ja baya, masunta sun kama kifi, manoma sun yi shinkafa sun bi danshi da wake da masara, Fulani sun samu ciyawar rani, rijiyoyin ƙauyuka sun cika domin ruwan da ya kwanta ya tsuma ƙasa. Bayan madatsun, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, shekaru da dama filin da ruwa ke shafewa bai kai rabin wancan ba. Wurin nan ba ƙaramin wuri ba ne a idon duniya. Tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su yi hunturu a Dagona, kuma Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Ramsar ke karewa, a shekarar 2000.

Akwai wata ɓarna da ba a cika faɗa ba, ita ce ta lokaci. Fadama tana son ruwa ya zo da yawa da damina, ya kuma ɗauke da rani ta bushe. Yanzu an juya mata al'ada. Da damina an tare, da rani kuma ana saki ba ƙaƙƙautawa domin birni ya sha, manoman rani su yi ban ruwa. Wani lokaci ma yashi kan cike bakin inda injinan matata ke zuƙa, sai an saki ruwa fiye da abin da birnin zai sha kafin ya taso ya kai bakin injin. Ruwan da ba ya yankewa shi ne abin da kachala ke so. Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Nguru ya ga yadda wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan tsuntsun jan-baki da ke far wa gero da shinkafa. Wani gari ruwa ya yi masa yawa har ya ci gidaje, wani garin kuma a gaba ko ɗigo bai isa gare shi ba.

A nan sai na faɗa maka gaskiyar da masu wayar da kai sukan tsallake. Ba butar alwalarka ce ta ƙafar da Tafkin Chadi ba. Tafkin ya ragu ƙwarai, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba a tsakiyar shekarun 1980, amma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga cikinsa ta Kogin Shari yake zuwa, daga kudu. Namu Komadugu ɗan ƙarami ne a lissafin. Haka kuma a duniya baki ɗaya noman ban ruwa ne ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba, gidaje kuwa ɗan abin da ya zarce kashi 10. Ko a ruwan Tiga, gonakin Kadawa da Kura babban baki ne. Sannan bututun da suka fashe a kan titi, waɗanda za ka ga ruwa na tsartuwa mako guda ba a zo ba, suna zubar da abin da unguwa guda ba za ta zubar ba. Wannan haƙƙin hukuma ne, kuma duk wanda ya ɗora wa matan gida laifin ƙarancin ruwa ya bar wannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

To me ya sa duk da haka nake cewa na gida yana da muhimmanci? Saboda ruwan famfo ba irin ruwan da ake kwarara wa shinkafa ba ne. Shi ne ruwa mafi tsada da ake da shi, kuma tsadarsa ba ta kuɗi kaɗai ba ce.

Je ka ga ruwan Challawa a watan Agusta, ja wur kamar kunun kanwa. Kafin ya zama abin da za ka zuba a kofi, sai an jawo shi da manyan injina, an zuba masa alif domin laka ta dunƙule ta kwanta, an bar shi ya natsa, an tace shi ta cikin yashi, an sa masa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Sannan a sake tura shi da wasu injinan, tafiyar kilomitoci, a hau da shi tudu irin Goron Dutse domin ya gangaro cikin gari. Ruwa kuwa abu ne mai nauyi. Tankin nan naka mai lita 1000, idan ya cika, nauyin ruwansa tan ɗaya ne, daidai da buhun siminti 20. Ka ƙiyasta birni guda ana ɗaga masa dubban ɗaruruwan irin wannan kowace rana. Da me ake ɗagawa? Da wutar lantarki idan akwai, da man dizal idan babu, kuma kai ma ka san wanda ya fi yawa a cikinsu. Kowace lita ɗaya ta dizal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, ban da hayaƙin da maƙwabtan inji ke shaƙa. Ita ma lakar da alif ya kwantar sai an nemi inda za a zubar da ita. Saboda haka idan yaro ya bar famfo a buɗe ya tafi makaranta, ba ruwa kaɗai ya bi kwata ba. Mai ya bi, alif ya bi, kulorin ya bi.

Kuɗin da ka ce kana biya kuwa, Malam, ba na raina shi, amma a yawancin garuruwanmu abin da ake karɓa a wata bai kai abin da aka kashe wajen kawo ruwan ba. Kuma galibin gidaje ba su da mita, kuɗin ƙayyadadde ne, ko ka sha kofi ɗaya ko ka wanke mota uku. Wannan tsarin shi kansa yana koya wa mutane ɓarna. Ga kuma abin da ya fi kusa da kai: bututu ɗaya ne ya ratsa unguwarku. Ƙarfin ruwan da ke cikinsa rabo ne. Idan gidajen farkon layi suka buɗe famfuna suna zuba a ƙasa, ko wani ya ɗaura inji yana zuƙa kai tsaye daga bututun, na ƙarshen layi da na kan tudu iska kawai za su ji tana fita. Su ne za ka gani da asuba suna jiran 'yan garuwa, suna sayen jarka da tsadar da ta ninka taka sau da yawa.

Yanzu mu zo kan burtsatse, domin a nan ne tambayarka ta fi ƙarfi, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. An yi wannan karin magana lokacin da guga da igiya ake ja. Mutum da guga ba zai iya fin ƙarfin rijiya ba, hannunsa zai gaji kafin ita ta gaji. Injin da ake zurawa cikin burtsatse ba ya gajiya.

Birnin Kano a kan dutse yake zaune. Babu wani teku a ƙarƙashinmu kamar yadda wasu ke zato. Ruwan da masu haƙa ke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama ne, da cikin tsagogin da ke jikin mai taurin. Ajiya ce 'yar kaɗan, kuma ruwan saman da ya tsuma ne kaɗai ke mayar da ita. Wannan ya sa za ka ga an haƙa a gida an samu, an matsa gida uku an haƙa an tashi a tutar babu. Idan injinka ya kama aiki, ruwan ƙasa yana lotsawa kewaye da shi kamar mazurari, kuma wannan mazurarin bai san katanga ba. Takardar filinka ta ba ka ƙasar da ke sama, amma ruwan da ke ƙasa yana tafiya ne daga ƙarƙashin gidan maƙwabcinka zuwa bakin injinka. Wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai rijiyar gargajiya, wadda kakansa ya haƙa, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba sai da aka kewaye ta da burtsatse biyar. Daga shi sai mai burtsatse marar zurfi. Sai kowa ya kira masu haƙa a ƙara zurfi, mai kuɗi ya bi ruwan ƙasa, talaka ya bi 'yan garuwa. Manyan itatuwan unguwa ma da jijiyarsu ke kaiwa ga danshi suna cikin masu asara, sai dai su ba sa kai ƙara.

Muna ƙara ɗiba, muna kuma toshe hanyar mayarwa. Kududdufan cikin birni da muke raina su, waɗanda aka haƙa aka gina gidajen ƙasa da ganuwa, su ne suke tare ruwan damina ya tsuma a hankali. An cike da yawansu an yi gini. Tsakar gida an malale da siminti, ƙofar gida an shimfiɗa bulo. Ruwan sama na sauka, ba inda zai shiga, sai ya bi titi ya zama ambaliya ya wuce. Shi ya sa mutum zai ga ruwa ya ci gari a watan Agusta, a watan Afrilu kuma burtsatsensa tana tari. Ba saɓani a ciki, abu ɗaya ne ya haifi biyun.

Wanda ke ganin ruwan ƙasa ba ya raguwa ya tambayi dattawan Barno. Can ƙasarsu ta fi tamu ajiya nesa ba kusa ba. Da aka fara haƙa burtsatse masu zurfi a yankin, wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1960, ruwa da kansa yake tunkuɗowa sama ba inji. Aka bar da yawa suna kwarara dare da rana ba marufi. Yau ƙarfin ya ragu, wasu sun daina tunkuɗowa gaba ɗaya. Ruwan da ya taru cikin dubban shekaru ne, ba damina ɗaya ce za ta mayar da shi ba.

Wani sabon abu da nake gani yanzu shi ne na sola. Alheri ce, ta raba mutane da hayaƙin janareto. Amma da can tsadar mai ce ke sa maigida ya tsaya a kan tanki, yana cika ya kashe inji. Yanzu rana kyauta ce, sai a bar inji yana ja tun hantsi har la'asar, tanki na ambaliya ta bayan gida ba mai waiwaye. Na taɓa shiga wani gida aka nuna mini burtsatse ana alfahari, na leƙa bayan ɗaki na tarar gansakuka ta yi kore shar a jikin bango tun daga tanki har ƙasa. Maigidan ya ce ai ba komai, ba a biya. Maƙwabcinsa na jikin katanga kuwa rijiyarsa ta ƙafe tun watan Fabrairu.

Za ka ce ai wanda ya zube ƙasa yake komawa. Kaɗan ne ke komawa, kuma ba yadda ya fito ba. Yawancinsa kwata yake bi, ya gauraya da sabulu da maiƙo da fitsari, ya faɗa lambatu. Mu ba mu da tsarin tace ƙazamin ruwan gidaje a yawancin unguwanni, saboda haka duk abin da ya fita daga gidajen tsakiyar birni rafin Jakara ne ke ɗauka, ya tafi da shi wajen Wasai, a hanya kuma masu lambu su ja su shayar da latas da kabejin da za su dawo kasuwa. Wanda bai samu hanya ba ya kwanta a lungu, sauro ya samu gidan haihuwa a tsakiyar rani. Idan kuma masai irin na zamani ne ke yoyo, ramin shadda yana cika da wuri, yana tsiyaya cikin ƙasa, ga burtsatse taku kaɗan daga wurin. Akwai kuma abin da ma'aikatan ruwa suka sani sarai: bututun da ya tsage, lokacin da ruwa ke ciki fitarwa yake yi, amma da zarar an ɗauke ruwa sai ya koma zuƙa. Idan a cikin kwata yake kwance, ruwan kwatar zai shiga, ranar da aka kawo ruwa shi zai fara isa randarka. Yawancin tsagewar nan a ɗan siririn bututun da ya taso daga titi zuwa gida take, wanda gyaransa na maigida ne.

Nawa ne ya ishi mutum? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi mutum ɗaya sha da girki da 'yar tsafta, wajen lita 50 kuwa an samu na sha da girki da wanka da wanki daidai gwargwado. Da fari ya matsa wa birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu a 2018, har ana ƙirga ranar da za a rufe famfuna, lita 50 ɗin aka yanka wa kowa, kuma birnin ya rage shan ruwansa da kusan rabi, ranar ba ta zo ba. Galibin mutanenmu ko hamsin ɗin ba sa samu. Matar da ke sayen jarka ba ta buƙatar in koya mata tattali, ita ce za ta koya mini: ruwan ɗauraya ya yi wanke-wanke, na wanke-wanke ya yi yayyafin tsakar gida. Maganata da masu tanki a sama ce, irina da irinka.

Mu ma da ma'auni muka gada. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun Annabi bai kai lita ɗaya ba. Buta ɗaya ta isa alwala har da saura. Amma tsaya a bakin famfunan masallaci ranar Juma'a ka gani, an buɗe famfo tun daga wanke hannu har wanke ƙafa, ana gaisawa yana zuba. Famfo mai ƙarfi yana iya fitar da lita shida zuwa goma a minti ɗaya. Ka lissafa da sahu nawa.

Abin da zan ce ka fara da shi ba shi da yawa. Ka sa mai gyaran famfo ya ɗaura maka ƙwallon nan da ke rufe ruwa idan tanki ya cika, ko makunnin da ke kashe inji da kansa. Wannan kaɗai zai fi duk sauran tasiri a gidanka. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a yini, jarka guda ke nan, kuma sau da yawa 'yar robar da ke cikin kansa ce ta cinye, da yayyafi kogi kan cika. Mota da bokiti ake wanke ta, ba da tiyo ba. Idan za ka malale tsakar gida, bar wani gefe ƙasa, ka dasa itace, ka karkata indararo can, ko ka tara ruwansa a tanki na dabam domin wanki.

Masai na zamani shi ne ɓarawon da ba a ji motsinsa. Tsofaffin suna sakin lita tara ko fiye a ja ɗaya, kuma idan robar cikinsu ta saki sai ruwa ya riƙa silalewa dare da rana ba ƙara. Ɗiga ɗan shuɗin wanki a cikin tankinsa, kada kowa ya ja, ka dawo bayan rabin awa. Idan ka ga shuɗi a cikin kwanon, yana yoyo.

Shi kuma babban tankin, gwajinsa da dare ake yi. Bayan sallar isha'i ka cika shi, ka kashe inji, ka ɗebar wa iyali na dare a bokiti, ka ce kada a taɓa famfo. Ka zura sanda ka yi alama inda ruwa ya tsaya. Da asuba kafin kowa ya yi alwala ka sake zurawa. Idan ya sauka, akwai inda yake tafiya, kuma yawanci a bututun da aka binne ƙarƙashin siminti ne. Duba inda bango ke jiƙe ko inda ciyawa ta yi kore ita kaɗai da rani, nan za a fara fasawa.